Reshen da Labbo Ya Karya a Bahar Maliya

Wannan abu ya faru ne tun zamanin da ake zuwa Makka da ƙafa, lokacin da mutum kan yi sallama da gida kamar mai barin duniya, don ba kowa ke dawowa ba.

Akwai wani masunci, Basarke daga wani ƙauye a bakin kogi a ƙasar Yawuri, sunansa Labbo. Shi ne ɗan ƙarshe a wurin uwarsa Tumba, kuma ko da furfura ta fito masa a gemu, Auta take ce masa. Tsohuwar nan idonta ya mutu, ƙafa ta yi rauni, haƙori babu ko ɗaya, amma bakinta garau. Ranar da za su tashi, Labbo ya yi mata alkawari a gaban mutanen gari cewa a bayansa za ta yi ɗawafi. Shekara uku suna tafe, ya yi noma a wannan gari, ya yi su a wancan, har suka iso Sawakin a bakin Bahar Maliya, suka shiga jirgin ruwa irin mai babban ƙyallen nan da iska ke turawa.

Kwana biyu da tashinsu iska ta ɗauke cak. Shugaban jirgin, wani Balarabe da ake ce wa Rayyis, ya sa aka jefa ƙugiyar tsayar da jirgi kusa da wasu duwatsu na ƙarƙashin ruwa. Nan suka kwana huɗu. Guzuri ya koma busasshen dabino da gurasa mai taurin dutse, abin da dasashin tsohuwa ba ya iyawa da shi. Rana ta biyar Rayyis ya dubi sama ya ce iska za ta taso da la'asar, kuma in ta taso ba zai jira ko ubansa ba, domin ruwan sha ya kusa ƙarewa.

Da rana ta take, ma'aikatan jirgi suka shige inuwa suka yi barci. Labbo ya leƙa ruwa. Bai taɓa ganin ruwa mai haske haka ba, har ƙasa ake gani. Sai ya hangi wani ɗan kurmi, rassa a kan rassa, kamar an sare ƙaya an nutsar. A samansa ga wasu 'yan kifaye, tsawon kowane bai wuce yatsa ba, launinsu tsakanin kore da shuɗi, in haske ya juya su ma su sake. Sun fi ɗari uku. Duk sun fuskanci inda ruwa ke tahowa, suna caccakar wani abu da ido ba ya gani. Da inuwar kansa ta faɗa musu, sai gaba ɗaya suka zube cikin rassan, kamar an ja zane guda.

Labbo ya yi murmushi. Ai wannan aikin gidansu ne. A kogin Yawuri haka suke yi: a nutsar da rassan itace, a bar su wata guda kifi ya mai da su gida, sannan a ɗaga reshe da kifin da ke ciki. Kuma al'adarsu ce, matafiyin da yunwa ta kama yana iya ɗaga reshe guda a cikin na wani, muddin ya ɗaura tsumma a wurin don mai shi ya sani. Ya yage bakin rigarsa.

Tsohuwa ta ce, "Auta, na ji kana yaga tufa. Ina za ka?"

"Inna, wani ɗan'uwanmu ya nutsar da rassa a nan. Zan ɗauko guda in yi miki romo."

"Wane ɗan'uwa gare ka a tsakiyar ruwan gishiri? Ka ga bukkarsa? Ka ga kwalekwalensa?"

"Ban gani ba, amma ga rassan nan ina kallo. Wani ne ya sa su."

"Kai dai tun kana goye ba ka jin magana. Yi maza ka dawo."

Ya sulale cikin ruwa. Da ya kama reshen ya ji ashe dutse ne, mai kaifi, har ya tsaga masa tafin hannu. Da mai hankali ne da nan ya tsaya. Amma ya ga kifayen maƙale a ciki suna kallonsa, ya tuna da cikin uwarsa. Ya dafe ƙafa, ya murɗa da ƙarfinsa duka. Kurmin ya ɓalle daga gindi, ya tarwatse. Yana ƙoƙarin ɗaura tsummansa ke nan, wani hannu mai sanyi ya riƙe masa idon sawu, ya ja shi ƙasa.

Aka bi da shi ta wani tsagi a jikin dutse, aka direr da shi a wani birni da bai taɓa jin labarinsa ba. Gidajensa duk na murjani ne, wasu kamar ƙahonin barewa, wasu kamar faifai, wasu kamar ƙwaƙwalwar rago, kuma kowane gida yana numfashi. A tsakiya wata tsohuwar aljana na zaune. Gashinta ciyawar ruwa ne, idanunta babu fatar rufewa, ƙananan kaguwa na shiga suna fita ta cikin kunnuwanta. Labbo ya ja da baya. Ya ga dai yana numfashi a ƙarƙashin ruwa, wannan ma ya ƙara masa tsoro.

Aljanar ta ce, "Ya kai ɗan Adam, ni ce Magajiyar Murjani. Wa ya ba ka gidan da ka rushe?"

Labbo ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, ban san gida ba ne. Na ɗauka rassan masunci ne. Ga ma tsumman da zan ɗaura, bisa al'adarmu."

Ta karɓi tsumman ta jujjuya shi. "Da wannan kuke biyan mai gida a ƙasarku? Saurara. Abin da ka kira reshe, rayayye ne. Maginansa ba su kai ƙwayar gero ba, kowane na zaune a ɗakin da ya gina da jikinsa, ya mutu ɗansa ya ɗora a kai. Shekara arba'in suna wannan gini. Kai ka rushe shi kafin numfashi guda ya ƙare maka. Kifayen da ke cikinsa 'ya'yana ne, ba su da ƙaya, ba su da dafi, ba su da haƙorin faɗa. Gidan nan da yawansu su ne kaɗai makaminsu. Yanzu suna can a fili, kuma duk mai baki a tekun nan ya ji ƙarar rushewar."

"Ranki ya daɗe, uwata ce ke jin yunwa. Makauniya ce, ba ta da kowa sai ni. In la'asar ta yi jirgi zai tashi da ita."

"To, la'asar ce wa'adinka. Bayan farin yashi akwai gidan da ba kowa. Za ka zama ɗaya daga cikinsu, ka tafi tare da su. In sun shiga gida kafin iska ta taso, na mai da kai ga uwarka. In an cinye ka a hanya, an cinye ka. In iska ta riga ku, ka zauna cikinsu har ƙarshen kwananka, kuma kwanansu ba shi da yawa."

Bai buɗe baki ba ta hura masa ruwa a fuska. Duniya ta kumbura. Hannuwansa suka shige jiki, idanunsa suka rabu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya tsinci kansa a kan kangon da ya rushe, cikin taron kifayen, kowa na karkarwa. Sai ya ji wani abu da bai taɓa ji ba: daga wuyansa har wutsiya, a kowane gefe, kamar an shimfiɗa masa zare mai ji. In na kusa da shi ya motsa, kafin ido ya gani gefensa ya ji.

Wata tsohuwar kifanya mai rabin wutsiya ta matso. Ta ce, "Kai ne mai hannu?"

"Ni ne."

"Ba mu da lokacin zaginka. Shiga tsakiya."

Labbo ya ce, "Ni zan wuce gaba, ku biyo ni. Ni aka ɗora wa tafiyar."

Ya fita gaba da tsawon kamu biyu. Wani abu ya wuce kamar an harba mashi, dogo, fari, bakinsa cike da haƙora irin na kifin tsage. Ƙarfin wucewarsa kaɗai ta wuntsila Labbo sau uku. Wani ɗan kifi da ya biyo shi a baya, babu shi. Labbo ya koma cikin taro da gudu.

Mai rabin wutsiya ta ce, "A nan ba mu da sarki, ba mu da jagora. Wanda ya fita gaba abinci ne, wanda ya tsaya baya abinci ne. Mai farauta in ya dube mu duka idonsa rikicewa yake yi, ya rasa wanda zai zaɓa. Kai ka zaɓa masa. Ka bar tsawon jiki guda tsakaninka da na kusa, ka ji shi a gefenka, in ya juya ka juya."

Za su tashi, Labbo ya ga wani namiji ya ƙi motsawa daga gindin kangon. Yana kaɗa fiffike a kan wasu ƙananan ƙwai da ke manne a dutse, yana tsince waɗanda suka lalace.

Labbo ya ce, "Malam, taho mana. Babu rufi a kanka."

Namijin ya ce, "Saura kwana biyu su ƙyanƙyashe. In na bar fifita za su shaƙe. A wurinmu uba ke gadi." Bai ko dubi Labbo ba. Suka tafi suka bar shi shi kaɗai a fili, kuma Labbo bai yarda ya waiwaya ba.

Suka shiga farin yashi. Babu dutse, babu ciyawa, babu inda za a raɓa. Suna tafe a dunƙule, sai yashin ƙarƙashinsu ya buɗe ido. Wani kifi mai kan ƙadangare, wanda ya binne kansa sai idanu, ya yi tsalle ya cafke na gefe. Taro ya tsage biyu, ya sake haɗewa. Labbo bai yi shawarar juyawa ba, jikinsa ne ya juya tare da sauran. Can gaba yashi ya sake buɗe ido, aka sake ɗauke wani. Tun daga nan kowane tudun yashi ido ne a wurinsa.

Suka wuce wannan, sai inuwa ta faɗo daga sama. Tsuntsu ne, ya shigo ruwa kamar dutse, ya fita da biyu. Suka yi ƙasa don gudun tsuntsu, na yashi ya taso. Suka yi sama, tsuntsu ya dawo. Labbo ya yi ta salati a zuci.

Can suka hangi wani gida fari fat, mai rassa masu yawa, kamar an yi masa farar ƙasa. Labbo ya ce, "Alhamdu lillahi, mun iso."

Mai rabin wutsiya ta ce, "Shaƙi ruwan."

Ya shaƙa. Babu ƙanshin komai.

"Maginansa sun mutu. Ruwa ya yi musu zafi wata shekara, suka yi fari. Gidan da ba ya numfashi ba namu ba ne."

Daga wani rami a gindin farin gidan wata murya ta fito, mai laushi kamar ta dillaliya. "Sannunku da hanya, 'yan ƙanana. Ku shigo ku huta mana. Ɗakuna sun yi mini yawa, ni kaɗai ce."

Wasu matasa biyar da gajiya ta ci ƙarfinsu suka ware suka nufi ramin. Labbo ya ga kan ya fito, dogo kamar na maciji, baki a buɗe har wuya. Bai ga ƙarshen abin ba, taro ya juya da shi.

Hasken da ke saukowa cikin ruwa ya fara karkata. Labbo ya san lokaci, azahar ta daɗe da wucewa. Sai ga gidan gaskiya can gaba, ruwan ƙasa-ƙasa, rassansa a cike, ƙanshinsa na zuwa tare da ruwa. Amma tsakaninsu da shi akwai wata baƙar inuwa doguwa. Ashe hanya ta kewayo da su ƙarƙashin jirgin. Ta cikin ruwa, da idonsa na dama, Labbo ya hangi uwarsa a bakin jirgi, ta miƙa hannu tana lalube a iska, bakinta na motsi. Ya san sunan da take kira. Kusa da ita wani ma'aikacin jirgi na tsaye, ya ɗora wani abu a kafaɗa, ya ciji bakin abin da haƙori, yana karkata ƙugu.

Labbo ya gane abin nan take. Birgi ne, ragar nan da ake jefawa ta buɗe kamar laima. Mutumin ya ji tausayin tsohuwa ne zai kama mata abin romo. Romon da Labbo ya shiga ruwa dominsa, ga shi zai samu, kuma shi ne a ciki.

Inuwar mutumin ta taɓa ruwa. Taro ya yi abin da ya sani tun kaka da kakanni: ya dunƙule wuri guda, ya yi ƙasa. Labbo kuwa ya shekara talatin yana jefa birgi, ya san abin da mai birgi ke so ke nan. Dalma na bakin raga, ita ke riga kifi isa ƙasa, ta rufe.

Ya ce, "Kada ku taru. Ku watse, kowa ya yi waje."

Ba wanda ya ji shi. Mai rabin wutsiya ta ce, "Baki ba ya juya mu. Gefe ke juya mu. In kana da abin faɗi, je baki-baki ka faɗa da jikinka."

Baki-baki, inda ake ɗauke mutum. Labbo ya ji ƙarar raga ta bar kafaɗa. Ya kutsa ta cikin 'yan'uwa ya fita can gefe inda babu kowa a hagunsa sai buɗaɗɗen ruwa, ya karya jiki da ƙarfi, ya yi waje. Na kusa da shi ya ji a gefensa, ya karya. Na kusa da wancan ya karya. Abin ya ratsa taron kamar wuta a busasshiyar ciyawa, suka fashe ta kowace fuska. Raga ta faɗo da nauyinta, dalma ta gogi wutsiyar Labbo, ta rufe a kan yashi. Aka ja ta sama babu ko ɗaya. Ya ga hannun uwarsa ya shafa ragar, ya koma kan cinyarta.

Suka sake haɗewa, suka zube cikin sabon gida, kowa ya sami tsaginsa. A daidai nan fuskar ruwa ta fara yamutsewa.

Magajiyar Murjani ta bayyana a bakin gidan. Ta ce, "Ɗari uku da goma sha biyu suka tashi. Nawa suka shiga?"

Labbo ya ce, "Ranki ya daɗe, ban ƙirga ba, amma ba su cika ba. Na farko ni na jawo masa, don na ce sai na yi gaba. Akwai kuma mai ƙwai da muka baro a kango. Duk a wuyana suke."

Ta kafe shi da idanun nan marasa ƙiftawa. Sama kuwa ana ta gudu a kan jirgi, ana kwance ƙyalle.

Ta ce, "Da ka ce sun cika, da ka kwana a nan." Ta miƙo masa guntun reshen da ya karya, tare da tsummansa. "Wannan bai mutu ba tukuna. Soka shi a tsagin dutse, ka ɗaure da tsumman naka, ya yi amfani ko sau ɗaya. Bayan shekara arba'in zai zama gida. Ba za ka gani ba."

Ta hura masa ruwa. Hannuwa suka dawo, ƙirji ya fara neman iska. Ya soka reshen ya ɗaure, sannan ya harba ƙafa ya yi sama.

Ya fito ya tarar da rigima. Ƙyalle ya cika da iska, jirgi na fizga, Rayyis na zage-zage da Larabci. Tsohuwa Tumba kuwa ta lalubi igiyar ƙugiya ta naɗa a ƙugunta, ta zauna a kai, ta ce duk mai son ɗaga ƙarfen nan sai ya ɗaga da ita. Aka jawo Labbo ciki. Ta shafa fuskarsa, ta shafa hannuwansa, ta ji tsagin da ke tafinsa.

"Ina romon?"

"Babu, Inna."

"Ɗan'uwan naka ya hana?"

"Ya hana."

"Na faɗa maka. Tauna mini dabinon nan ka ba ni, yadda na yi maka kana yaro."

Iskar ba ta sake ɗaukewa ba har Jidda. Da suka isa Makka, ranar ɗawafi, Labbo ya goya uwarsa ya tsaya a bakin taron. Bai taɓa ganin mutane haka ba, ƙarti na ture ƙarti, masu ƙarfi na kutsawa gaba suna faɗuwa. Tsohuwa ta ji hayaniyar ta ƙanƙame wuyansa, ta ce, "Auta, za su tattake mu. Sauke ni, Allah ya ga niyya."

Labbo ya shiga. Daga wuyansa har ƙugu, a kowane gefe, zaren nan ya farka. Kafin na damansa ya karkata ya ji, kafin na hagunsa ya tsaya ya ji. Bai yi gaba ba, bai yi baya ba, bai ture kowa ba. Sau bakwai suka kewaya, ko gwiwar hannu ba ta taɓa tsohuwa ba.

Da ya sauke ta a inuwa, ta zauna tana share ido. Can ta ce, "Kai da ko a kasuwar ƙauye sai ka taka mutane. Wa ya koya maka wannan tafiya?"

Labbo ya dubi tabon da ke tafin hannunsa. Ya ce, "Waɗanda na rushe wa gida, Inna."